Golf 1.6, 1.8 da 2.0: abin da ke hawa, abin da ba ya hawa, da wanda ya fi a saya

"Duk Golf ne, zai hau." Amsar da mai neman kayan inji ya fi ji ke nan, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano yake, ko a Panteka ta Kaduna, ko a Ladipo ta Legas. Da ƙarya ce zalla, da abin ya zo da sauƙi. Kamfanin Volkswagen ya ɗauki inji guda, wanda ya fara fitowa a cikin Audi 80 a 1972 da sunan EA827, ya yi ta faɗaɗa masa ciki yana ƙara masa tsayi sama da shekara 20, har ya zama 1.6 da 1.8 da 2.0 ɗin da ke cikin Golf 2 da Golf 3 da Jetta da Vento da Passat. Ramukan noti da yawa wuri ɗaya suke a cikinsu duka. Saboda haka kaya zai hau, a ɗaure, a murɗa makulli mota ta tashi. Ko zai kai wata shida yana aiki, wannan kuma ba mai shago ne zai biya ba.

Mai Golf ɗin da injinta ya gaji, yana shan baƙin mai, yana shuɗin hayaƙi, lodi kaɗan ya fara nishi a kan tudu, yawanci tunani ɗaya ke zuwa masa: tunda dai za a buɗe injin nan, me zai hana a ƙara masa girma? Hanyoyin da ke gabansa ba su da yawa. Ko a tsinto kayan 1.8 a zuba cikin bulok ɗin 1.6, wato gangar jikin injin mai ramukan silinda, ko a sayi rabin inji na 1.8, wato bulok da kayan cikinsa, a ɗora masa tof ɗin da ake da shi, wato kan injin da bawul ke ciki, ko a haura zuwa bulok na 2.0, ko a sauke komai a sa cikakken inji na Beljiyam.

Amma kafin a ɗauki sifana, a fara tambayar wane 1.6 ne. Golf 3 tana da 1.6 iri biyu da ba abin da ya haɗa su sai lambar da ke manne a bayan but. Mai ƙarfin doki 75, wanda lambarsa ABU ko AEA ko AEE, ɗan gidan ƙananan injuna ne da ake kira EA111, dangin 1.3 na Golf 2 da 1.4 na Golf 3 da injunan Polo. Faɗin silindarsa milimita 76.5 ne. Ɗaya kuma, mai doki wajen 100, AEK ko AFT, shi ne ɗan babban gida, faɗin silindarsa 81 daidai da na 1.8. Na farkon ba ya karɓar komai daga 1.8, ba kiranshaf, ba fistin, ba tof. Ko giyabos ɗinsu ba ɗaya ba ne, shi 085 yake ja, manyan kuwa 020.

Ganewa ba ta da wuya. Buɗe bonet ka nemi distribita. In ka gan ta kwance a ƙarshen tof ta ɓangaren giyabos, bututun hayaƙi kuma yana fitowa ta gaba wajen lagireto, to ƙaramin gida ne. In tana tsaye a jikin bulok ta gaba, kusa da filtar baƙin mai, hayaƙi kuma ta baya yake fita, babban gida ne. Sai ka goge jikin bulok ɗin da tsumma da ɗan fetur, ƙasa kaɗan da inda tof ya zauna, ka karanta haruffa biyu ko uku da aka buga a ƙarfen. Akwai takarda a but kusa da safayar taya mai ɗauke da wannan lamba, sai dai ita abin da kamfani ya sa take faɗa. Motar da ta shekara 30 tana yawo, Allah kaɗai ya san inji nawa ta gani.

Wanda ya tarar ƙaramin gida gare shi, maganar aron kaya ta ƙare masa a nan. In yana son 1.8, sai inji da giyabos da kujerun inji da shaf na tayoyi da wayoyi da salansa gaba ɗaya. Ni dai shawarata ya gyara nasa yadda yake, ko ya sayar da motar ya nemi mai 1.8 tun daga kamfani. Duk 1.6 na Golf 2 mai kafireta, EZ da RF da PN, 'yan babban gida ne, kuma yawancin abin da ke tafe a kansu yake.

Milimita 9 da ke raba 1.6 da 1.8

Waɗannan biyun bulok ɗinsu tsayi ɗaya ne, faɗin silinda ɗaya, kwanrod ɗaya, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, mai tsawon milimita 144 da fil mai kauri 20. Bambancin duka yana wuri biyu, kiranshaf da fistin. Kiranshaf na 1.6 yana kai fistin tafiyar milimita 77.4 tsakanin sama da ƙasa, na 1.8 kuwa 86.4. Wannan tazara ta 9 ita ta mai da cc 1595 ya zama 1781. Rabinta sama take zuwa, rabi ƙasa, don haka aka gajarce fistin na 1.8 da kusan milimita 4.5 daga fil zuwa kai, gudun kada ya leƙo ta bakin bulok.

Daga nan kowa zai iya lissafa abin da zai faru in aka haɗa rabi da rabi. Kiranshaf na 1.8 da fistin na 1.6: fistin zai fito waje ya doki tof, inji ba zai ko juya ba. Wannan kuskuren mai sauƙi ne, tun a kan benci ake kama shi. Mai haɗarin shi ne akasinsa, fistin na 1.8 a kan kiranshaf na 1.6, domin komai zai hau sumul, zobe ya zauna, inji ya juya da hannu ba gardama. Sai dai fistin zai riƙa tsayawa milimita 4.5 kafin ya kai inda ya kamata, wato an bar fili na kusan cc 23 a saman kowace silinda. Matsin da fistin ke yi wa iska da fetur a cikin silinda, wanda ya kamata ya kai 9 ko 10 bisa 1, sai ya faɗo wajen 6 zuwa 6 da rabi. Mota za ta tashi da ƙyar da safe, ta sha fetur, ta kasa jan kanta. A nan ne za ka ji direba yana cewa, "Oga, tun da aka yi mata aikin nan ba ta da rai," bakanike kuma ya koma yana ta wasa da kafireta da tayimin, alhali ciwon yana can ƙasa. Kiranshaf da kwanrod da fistin duwatsun murhu ne, in ɗaya ya gaza tsayi tukunya ba ta zama.

A kula kuma da tsohon 1.6 na zamanin Golf 1, mai cc 1588. Shi faɗinsa 79.5 ne, tafiyarsa 80, kwanrod ɗinsa gajere. Sunan ɗaya ne da na baya, kayan cikin ba ɗaya ba.

Ko a cikin 1.8 ɗin ma fistin ba iri ɗaya ba ne. A waɗannan injuna masu bawul 8, babban kaso na ɗakin ƙonewa yana cikin kwarmin da ke kan fistin, saboda haka fistin ne ke yanke matsi, ba tof ba. GU na Golf 2 da ABS na Golf 3 matsinsu 10 bisa 1 ne. RP da AAM kuwa 9 ne. AAM da ABS girmansu ɗaya, amma ɗaya doki 75 ne ɗaya 90, kuma bambancin ya haɗa da fistin da kamshaf da birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Mai neman ƙarfi zai ce a ba shi na 10. Ni ba zan yi saurin cewa haka ba. An tsara masu matsi 10 ne don fetur mai lamba 95 zuwa sama, wanda ba shi ake zuba mana a gidajen mai ba, kuma injin kafireta ba shi da sensar da za ta ja tayimin baya in ya fara ƙarar ƙyas-ƙyas ɗin nan. A sa mota cike da fasinja a hanyar Sakkwato ko Maiduguri cikin zafin Afrilu, wannan ƙarar ce ke cin gefen fistin da gasket a hankali. RP da matsinsa 9 ya ba da doki 90 cif. Wannan ya ishi mai hankali.

Tsintar kaya ko rabin inji

A takarda, tsintar kaya ta fi araha: kiranshaf ɗaya, fistin huɗu, shi ke nan. A gareji lissafin ba haka yake fita ba. Bulok ɗin da ya kai ga shan baƙin mai, silindarsa ta riga ta sha, ta fi faɗi a sama, ta daina zama da'ira sosai. Fistin na Beljiyam mai girman asali ba zai cike ta ba, komai sabon zoben da aka sa masa. Dole a kai bulok wurin masu borin a faɗaɗa zuwa 81.25 ko 81.5, a sayi sababbin fistin na wannan girma. Kiranshaf ɗin da aka tsinto ma sai an auna. In ya karce, a yanka shi 010 ko 020, wato a rage kaurinsa da kusan milimita 0.25 ko 0.5, a nemi metal, wato bawon ƙarfen da yake juyawa a ciki, daidai da yankan. A ƙara gasket da sil da notukan tof da kuɗin aiki da kwanakin da mota za ta yi a ajiye. Kuma ingancin duka ya rataya ne a hannun mai borin da ingancin fistin ɗin da ke kasuwa, abubuwa biyu da mai mota ba shi da iko a kansu.

Wannan hanya tana da amfani ga mutum ɗaya: wanda dole ne ya yi borin ko ta halin ƙaƙa, kuma kiranshaf ɗinsa ya riga ya lalace. Tunda zai sayi fistin da kiranshaf ko bai canza girma ba, to sayen na 1.8 maimakon na 1.6 ba wani ƙarin kuɗi mai yawa ba ne. Ribarsa ta biyu, lambar injinsa ba ta canza ba.

Ga kowa ban da shi, rabin inji na 1.8 ya fi. Kiranshaf da kwanrod da fistin da famfon baƙin mai duk suna zaune yadda kamfani ya haɗa su, sun saba da juna. Kuma rabin inji ba ya iya ɓoye aibinsa kamar cikakke, tunda kansa a buɗe yake. Sa sifana a notin gaba ka juya shi zagaye biyu, ka ji ko akwai inda yake cijewa. Sauke fistin ƙasa ka bi bangon silinda da farce har zuwa baki. In farcenka ya tsaya a wani ɗan tudu a can sama, silindar ta sha. In kana iya hango siraran layukan nan da suka gicciye juna a bangon, akwai sauran rai. Fistin ɗaya da ya fi 'yan'uwansa haske tas ba abin murna ba ne, ruwa ne ya riƙa shiga yana wanke shi. Sannan ka ce a kwance kwanon ƙasa a cire murfin kwanrod ɗaya. Metal mai launin toka lafiya lau, wanda jan tagulla ya fito a jikinsa ya gama yayi. Mai shagon da ya ƙi a kwance noti biyu, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Akwai ƙananan abubuwa da ke biyo baya. In rabin injin daga mota mai injekta ya fito kuma taka mai kafireta ce, duba shaf ɗin tsakiya, wanda ke juya distribita da famfon baƙin mai. Na kafireta yana da ɗan ƙusumbi da ke tura famfon fetur na jikin inji. In babu shi, ko ka dawo da shaf ɗinka na da, ko ka sa famfon lantarki mai ƙaramin matsi. In daga Passat ta 1988 zuwa sama ya fito, filawil ɗinsa na giyabos 02A ne, sai ka mai da naka, domin kulocin 020 a juye yake, farantin matsi ne ke ɗaure a kiranshaf. In daga Audi 80 ne, inda inji ke kwance a tsawon mota, kwanon ƙasa da bututun zuƙar mai da mazaunin filta duk sai an canza. Kuloci kuma, na 1.6 yawanci milimita 190 ko 200 ne, na 1.8 mai ƙarfi 210. Ƙaramin zai ja, amma motar lodi za ta cinye shi da wuri, gara a sa babban tun inji yana ƙasa.

Kafireta Pierburg 2E2 ce a kan EZ da GU duka, amma jet ɗinsu ba ɗaya ba ne, haka yadda distribita ke ƙara tayimin. In aka bar na 1.6 mota za ta yi tafiya. Bayan doguwar hanya a cire fulogi a duba: fari fat alama ce ta ƙarancin fetur, kuma ƙarancin fetur zafi ne. Abin da za a samu a ƙarshe, ƙarfin murɗa ya tashi daga wajen Nm 125 na EZ zuwa 140 ko 145. A hanya wannan shi ne tudun da da ake sauka giya ta uku, yanzu ta huɗu ta hau shi.

Tof shi kaɗai

Mutane da yawa sun ɗauka in aka ɗora tof na 1.8 ko na GTI a kan 1.6, mota ta zama 1.8. Girman inji a ƙasa yake. Tof na GTI yana da bawul ɗin shiga mai milimita 40 maimakon 38, kuma wannan yana taimakawa ne in inji ya yi sama sosai, inda direban haya ba ya zuwa. A ƙasa-ƙasa, inda ake jan lodi, da wuya ka ji bambanci. Ga shi kuma tof na GTI na Golf 2 yana da ramukan injekta da sai an toshe, ba shi kuma da hanyar ruwan da ke ɗumama manifol na kafireta.

Inda aron tof ke da amfani shi ne in naka ya tsage ko ya lanƙwashe. Na 1.6 da na 1.8 masu faɗin 81 suna maye gurbin juna, muddin an lura da abu ɗaya. Wajen 1985 kamfanin ya bar tafet, wato ɗan kofin da ke tsakanin kamshaf da bawul, irin wanda ake saitawa da siririn faifai mai suna shim, ya koma mai aiki da matsin baƙin mai. Cire murfin sama ka ƙirga maɗauran kamshaf: biyar, tsohon tsari ne, huɗu, sabo ne. Kamshaf da bawul da tafet na tsarin nan ba sa aiki a wancan. Kuma sabon tsari yana son famfon baƙin mai mafi girma, mai haƙori milimita 30 maimakon 26. In ka ɗora sabon tof a kan tsohon famfo, kada ka yi mamakin ƙarar tafet da zarar inji ya yi zafi yana silo. Sandar bawul ma akwai mai kauri 8 akwai mai 7, a auna kafin a sayi sil.

Notukan tof irin masu miƙewa ne, ba a so a maimaita su. Ɗaurinsu Nm 40, sai 60, sai a ƙara rabin zagaye, daga tsakiya ana fita gefe. Ɗaurin "sai ya yi ƙara" da ake yi da dogon bututu shi ya kashe gasket fiye da yadda zafi ya kashe.

Maganar 2.0

A nan ne kwaɗayi ke shiga. Injunan 2.0 masu lamba 2E da ADY da AGG, doki 115, ƙarfin murɗa wajen Nm 166. Faɗin silinda 82.5, tafiya 92.8, cc 1984. Sai dai wannan bulok ɗin ya fi na 1.8 tsayi da kusan milimita 16, kwanrod ɗinsa 159 ne, fil ɗinsa 21. Wato fistin da kwanrod na 2E ba su da wurin zama a gajeren bulok.

To a ɗauki kiranshaf ɗin kawai mana, tunda yana kwanciya a mazaunin na 1.8? Yana kwanciya. Amma zai tura fistin na 1.8 sama da milimita 3.2, kuma faɗin juyinsa yakan sa a sassaƙe cikin bulok kafin ya wuce. Kamfanin da kansa ya yi 2.0 a gajeren bulok, 3A na Audi 80 da 9A mai bawul 16, da fistin na musamman. Wanda zai kwaikwayi wannan sai ya yi borin har 82.5, ya samo fistin na 3A, ya auna komai da hannun wanda ya san aiki. Masu tsere a Turai suna yi. Ga motar neman abinci, ban ga dalili ba, tunda cikakken bulok na 2.0 yana nan a kasuwa.

Ɗora tsohon tof a kan dogon bulok, wannan yana yiwuwa kuma ana yi. Notukan sun dace. Gasket dai dole ya zama na faɗin 82.5, a kuma shimfiɗa shi a fuskar bulok, a sake shimfiɗa shi a fuskar tof, a tabbata kowane ramin ruwa da na mai ya sami abokinsa. Daga nan milimita 16 ɗin nan za su fara karɓar harajinsu ɗaya bayan ɗaya. Tayimin bel ya tashi daga haƙori 121 zuwa 124, murfinsa ma wani ne. Manifol na hayaƙi ya ɗaga, bututun da ke sauka zuwa salansa ya gaza, sai an ƙara masa tsawo. Kafireta da gidan filtar iska sun matso kusa da bonet. Distribita ta 1.6 ko 1.8 ba ta zama a ramin dogon bulok, gindinta da haƙorinta ba su dace ba, sai an yi mata zobe an canza haƙori, ko a ɗauki gangar jikin ta 2.0 a dasa mata kayan ciki na tsohuwar. Famfon fetur sai na lantarki. Hanyar numfashin bulok ma daban take. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin bakanike nagari, amma kowanne wuri ne da aikin ganganci ke iya ɓuya, kuma duk wanda zai gyara motar nan gaba, a wani gari, da dare, sai ya fara da tambayar me aka haɗa da me.

Sannan matsin 2.0 ya kai 10 ko ya ɗan haura, an kuma gina shi ne da sensar ƙara da birenbos da ke kare shi. A ƙarƙashin kafireta ba mai kare shi sai kunnen direba. Dole a ja tayimin baya, wani kaso na ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi ke nan. Da kafireta ta 1.6 da siririyar salansa, kada kowa ya sa ran doki 115.

Giyabos 020 na 1.6 yana ɗaurewa a jikin 2.0 ba matsala. Faifan kuloci dai giyabos yake bi, ba inji ba: na ƙananan shaf ɗinsa haƙori 24 ne, na 2.0 na Golf 3 da na mai bawul 16 kuwa 28. In an canza giyabos ɗin ma, a duba inda shaf na tayoyi ke ɗaurewa, akwai milimita 90 akwai 100. Birki kuma ba a cika tuna shi ba. Golf 2 mai 1.6 da faifan gaba milimita 239 marar ramin iska ta zo, baya kuma ganga. GTI ta Golf 3 mai wannan 2.0 ɗin faifanta 280 ne. Wanda ya ƙara doki bai ƙara birki ba, ya san da wa yake wasa.

Cikakken inji

In 2.0 ɗin ake so da gaske, hanyar da ta fi tsafta ita ce a saye shi da komai nasa: injekta, wayoyi, birenbos, sensoci, bututun hayaƙi, famfon fetur mai babban matsi. Ga Golf 3 wannan aiki ne madaidaici, don kamfani ya riga ya yi mata wurin. Ga Golf 2 mai kafireta aikin waya ne mai yawa, har da layin fetur. A nan lambar inji ta sake zama komai. 2E tsarin Digifant ne, daga distribita yake karanta juyin inji. ADY da AGG tsarin Simos ne, suna da faifai mai haƙora a jikin kiranshaf da sensa a bulok, distribitarsu taga ɗaya gare ta maimakon huɗu. Bulok na 2E a ƙarƙashin wayoyin AGG ba zai ba da wuta ba, ko an kwana ana murɗa makulli. Motocin da aka ƙera daga wajen 1995 kuma suna da makullin sirri, birenbos ba ya sakin inji sai ya gane makullin da akwatinsa. A saye su tare, ko a san wanda zai warware kafin a biya.

Cikakken inji yana da aibinsa: a rufe ake sayensa. Kalmar "an gwada" ba ta nuna bangon silinda. A nemi a tashe shi a ƙasa, ko a auna matsin kowace silinda, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin maidowa a rubuce a jikin rasit.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Direban da ke lodi tsakanin Kano da Katsina ko Zariya da Funtuwa da Golf 2 ko Jetta mai EZ, rabin inji na 1.8 mai matsi 9 a ƙarƙashin tof ɗinsa da kafiretarsa, in tof ɗin lafiyayye ne. Bel ɗaya, salansa ɗaya, distribita ta zauna a raminta, kowane shagon kaya a kowane gari yana da abin da zai nema. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa lissafin lita yake yi, kuma ana tsoron 1.8 zai fi sha. A cikin gari ba lodi, zai ɗan fi. Da fasinja da buhuna a but kuwa, ƙaramin injin da ake take wa totur har ƙasa a giya ta uku ba tsimi yake yi ba. Mai Golf 3 da AAM ko ABS ya riga ya zauna a wuri mai kyau, ya nemi irin nasa ya mayar. In AAM ne kuma yana son ƙarin rai, kayan ABS a haɗe, fistin da kamshaf da birenbos, sun fi masa tsallakawa 2.0 sauƙi. Shi 2.0 na mai motar gida ne da ke son gudu, yana da bakaniken da ya iya waya, kuma ya ware kuɗin birki.

Duk wanda ya canza bulok, lambar injin da ke takardun motarsa ta daina dacewa da wadda ke jikin ƙarfe. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin da sunan shagon, a ajiye kwafi a mota, a je ofishin lasisi a gyara takardun. In kuma borin aka yi da sababbin zobba, kada a fita da ita lodi washegari: a bi ta a hankali na ɗan lokaci, a zubar da baƙin man farko da filtarsa da wuri, a leƙa ruwan lagireto kowace safiya kafin a tashe ta.